Yadda Za Ka Saka wa Ƙungiyarku Ƙwaƙwalwar Lantarki Ba Tare da Ka Taka Ƙarshen Fadama Ba

Idan kai shugaban ƙungiya ne, ko kana harin kujerar, kuma labarin 'yar ƙwaƙwalwar lantarkin nan da ake saitawa da kwamfuta ya iso kunnenka, to gyara zama. Duk wanda ya bi matakan da ke ƙasa bi da bi, bai tsallake ko ɗaya ba, ina ba shi tabbacin abu uku: za a kafa rumfa dominsa, za a ɗauke shi hoto yana nuna wani abu da yatsa, kuma zai gano ainihin abin da ke damun ƙungiyarsa. Na ukun ne ba lallai ya ji daɗinsa ba, amma tabbaci dai tabbaci ne.

An riga an gwada matakan nan a fadamar wani ƙauye na yankin Tsamaye, a hannun Muntaka, shugaban ƙungiyar manoman rani ta wurin. Don kada a ɓace a hanya, ga yadda fadamar take. Rijiyar burtsatse ɗaya ce mai aiki da sola, tana cika tanki. Daga gindin tankin hanyoyin ruwa na ƙasa suka rarrabu kamar yatsun hannu, kowace ta nufi garkar mai ita. Hanyoyin na ƙungiya ne, gyaransu sai da gayya, kiran gayya kuwa sai shugaba. Mafi gajarta ita ce ta Muntaka, garkarsa na jingine da tanki. Mafi tsawo, wadda sai ta ratsa burtali inda shanun gari ke tsallakawa, ta yayarsa ce, Mas'uda. Mijinta ya rasu ya bar mata garkar, kuma albasar da take fitarwa a wurin ita ce cin gidanta na shekara. A riƙe garkar farko da ta ƙarshe a rai. Sauran duk rakiya suka yo.

1. Ka fara samo magani, ciwo zai biyo baya

Masu yawan karatu za su ce maka a fara gano matsala sannan a nemo na'ura. Kada ka saurare su. Matsala ba ta da ƙyalli, ba ta fitowa da kyau a hoto, kuma ba a taɓa yanka mata ƙyalle da almakashi ba.

Muntaka a garin Isa ya gamu da maganinsa. Wata ƙungiyar agaji ta tara shugabannin manoma a ɗaki mai fanka, aka raba ruwan leda da biro. Wata jami'a mai suna Ikramu ta ɗaga wani ɗan baƙin abu da bai kai farcen babban yatsa ba. Ta ce ana rubuta masa umarni, buɗe wannan ƙofar ruwa, rufe waccan, in kuma an sake shawara a goge a rubuta wani. Ta haɗa shi da batir, sai wata 'yar koriyar fitila ta kama ƙiftawa.

Daga nan Muntaka bai ƙara jin komai ba. Ikramu ta yi dogon bayani cewa kowa ya koma gida ya zauna da mutanensa, ya bi hanyoyin ruwansu da ƙafa, domin wani wurin ƙwaƙwalwa yake buƙata, wani wurin kuwa fartanya kawai. Shi dai fitilar yake kallo. A cikinta yana hango kansa da babbar riga yana danna wani abu, Alhaji Hussaini dillalin albasa, wanda ya daɗe yana leƙen kujerarsa, yana can baya cikin masu tafi.

Da aka ce akwai mai tambaya, hannunsa ne ya fara tashi.

"Hajiya, fitilar ga, in da rana ta, ana ganin ta daga nesa?"

Kai ma ka tanadi irin wannan tambayar. Tana nuna kana tafiya da zamani.

2. Ka tambayi mutanenka, amma yadda ba za su amsa ba

Tambaya dole ce, don za a tambaye ka ko ka tambaya. Dabarar tana cikin yadda ka jera maganar. Muntaka ya tara mazan ƙungiya gindin tsamiya bayan la'asar, ya gyara murya ya ce, "Jama'a, cikinmu akwai wanda ba shi son ci gaba?"

Ba a samu ba. Iya binciken da na yi, ba a taɓa samu ba a ko'ina.

Hatsarin yana kan hanyar komawa gida, musamman in hanyar ta bi ta ƙofar gidan yayarka. Mas'uda ce ta goya Muntaka bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta yaye shi da kunu, kuma har yau da furfura ta fara masa a gemu, Auta take kiran sa. Ya same ta bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

"Auta, an ce ka tambayi abin da ka damun mutane."

"An tambaya, Yaya. An ma gama."

"Ni ba a tambaye ni ba. Hanyar ruwana ta ɓalle nan ga burtali, inda shanu ka takawa. Kowa ya sani, har kai. Na zuba irin albasa, ya tsiro. Ka kira gayya a toshe wurin kahin lokacin dashe."

"Yaya, abin da za ni kawo ya wuce toshiya. Ƙwaƙwalwa ta."

"Taka ina tat tahi?"

A irin wannan wuri sai ka yi dariya, ka ce "Yaya ke nan," ka ƙara sauri. Abin da aka faɗa maka a bakin ƙofa gaisuwa ce, ba ra'ayin 'yan ƙungiya ba. Ra'ayi sai an kafa benci.

3. Ka samo gwani, ka kare shi daga rana

Gwanin Muntaka shi ne Nasiruddeen, mai gyaran waya a kasuwar Sabon Birni, wanda ya taɓa yin kwas a Sakkwato kan irin waɗannan na'urori. Mutum ne mai tsabta. Da ya ji bayani sai ya ce, "Shugaba, ya kamata in zo in bi hanyoyin ruwan da ƙafa. Haka anka koya muna." Yana faɗa yana duban fararen takalmansa, kamar mai neman wanda zai hana shi.

Muntaka ya hana shi. Ya sa yatsa a kan gilashin da ake jera wayoyi, ya zana tanki, ya ja layuka miƙaƙƙu daga gindinsa.

"Ga su nan duka. Wahalar mi?"

"Wanga dogon fa, ba shi da kwana?"

"Kwana guda ta. Ba ta da wani muhimmanci."

Dukansu biyu suka sami sauƙi. Hanyar Tsamaye dama ba kullum take da daɗin bi ba, kowa ya san halin tsaro, don haka aka shirya Nasiruddeen ya zo sau ɗaya tak. Ya zo da safe, ya ɗaura akwati a inuwar tanki, ya sa wa bakin kowace hanya ƙofar da ƙwaƙwalwa za ta riƙa buɗewa da rufewa, ya sha fura, ya hau babur kafin azahar. Takalmansa suka koma Sabon Birni yadda suka zo. In ana son sake saiti, Muntaka zai zare ƙwaƙwalwar ya kai masa shago ranar kasuwa.

Ka kula da wannan sosai. Gwanin da ya ga wuri da idonsa yakan fara kawo shawarwari masu arha, arha kuwa ba ta jawo baƙi.

4. Ka sa mutane su faɗi a fili abin da kunya ta hana kakanninsu faɗa

Yanzu ƙwaƙwalwa za ta nemi abu ɗaya a wurinka: wa za a fara buɗe wa, wa zai biyo, wa zai zo ƙarshe. Abin ba ƙarami ba ne. Na farko yana samun ruwa da sanyin safiya tanki a cike. Na ƙarshe sai rana ta yi sanyi, sola ta gaji, tanki ya koma gindi.

Kafin zuwan ƙwaƙwalwa ba wanda ya taɓa jera mutanen fadamar nan. Wanda ya riga zuwa shi ke buɗewa, sai in ya hango dattijo tafe, ya ce "Bismilla, Baba," dattijo ya ce "A'a, kai kar riga," a yi ta ja har ɗaya ya haƙura ya karɓa. Mai suna a gida a sallame shi da wuri. Wanda aka yi wa rasuwa a buɗe masa ko bai zo ba. A littattafai wannan ba tsari ba ne, sai dai albasar wurin ba ta yi karatu ba, haka nan ta yi ta girma.

Ƙwaƙwalwa ba ta san kara ba. Suna take so, ɗaya bayan ɗaya.

Muntaka ya sake tara su gindin tsamiya, ya ce kowa ya faɗi inda yake so a sa shi. Kowa ya dubi na kusa da shi. Can Malam Usmanu, limamin gari, ya gyara rawani.

"Ni a sa ni ƙarshe."

"Subhanallahi," in ji Alhaji Hussaini. "Malam na ƙarshe, ni in shiga gabanai? A sa ni bayan ƙarshe."

"Alhaji, babu bayan ƙarshe," in ji Muntaka.

"To a ƙirƙiro. Ba an ce komi ana saita mata ba?"

Daga nan taro ya rikice, kowa na rantsuwa shi ne ya fi cancanta da ƙarshe. Har aka kira magariba ba a sami mutum ɗaya da ya yarda yana son ruwa ba. Muntaka ya tashi taron yana cewa bai taɓa ganin ƙungiya mai haɗin kai irin tasu ba.

Kai ma ka kai wa masu agaji wannan albishir: an tattauna, ba a sami saɓani ba.

5. Ka bar ƙofar zaurenka a buɗe

Za su zo, ɗaya ɗaya, kuma ba wanda zai zo don kansa.

Malam Usmanu ya tare shi bayan sallar asuba, ya riƙe hannunsa bai saki ba. "Ni ka san ba ruwana da gaba ko baya. Gwiwar ga ta, ba ta son yamma."

Alhaji Hussaini ya fara aiko ƙwan zabi, sannan ya biyo su. "Shugaba, ni ko ina kas sa ni daidai na. Sai dai in anka ji wane ya sha ruwa kahin ni, ka san bakin mutane. Kai za su zaga, ba ni ba. Kai nika tausayi."

Wani ya zo don surukinsa, wani don maƙwabcinsa, wanda daga baya aka gane garkarsu ɗaya. Kowa ya fita, Muntaka ya ce masa an gama. Ranar kasuwa sai ya zare ƙwaƙwalwa, ya sa ta cikin kwalin ashana, ya hau kabu-kabu zuwa Sabon Birni. Nasiruddeen ya goge jerin wancan mako ya rubuta na wannan. Ran nan kuwa duk ƙofofi a rufe suke wuni, tunda mai buɗe su tana aljihun shugaba, ba mai samun ko ɗigo. Kada wannan ya dame ka. Ita ce rana ɗaya a mako da ake yi wa kowa adalci.

Nan ne babban alherin ƙwaƙwalwar da ake saitawa. Ba ta gajiya, ba ta riƙo, ba ta cewa "ai jiya ba haka ka ce ba." Wanda ya yi magana a ƙarshe shi ne mai gaskiya a wurinta.

Saura matsayi na farko, wanda in ka ba liman Alhaji zai ji, in ka ba Alhaji gari zai ji. Muntaka ya yi dogon tunani, ya ga hanya ɗaya ce ta kashe fitina: ya sadaukar da kansa. Ya sa garkarsa a farko, don gwaji.

Mas'uda ba ta zo ba. Wadda ta share maka majina da bakin zanenta ba ta bin layi a zaurenka. Ta faɗi tata sau ɗaya a bakin ƙofa, a wurinta magana ta ƙare. Duk wanda aka matsar gaba, ita ake turawa baya, har ta sami ƙarshen nan da manyan gari suka yi ta rantsuwa a kansa.

6. Ka yarda da koriyar fitila

Fitilar tana kamawa duk lokacin da ƙofa ta buɗe. Aikinta ke nan, kuma ba ta taɓa ƙarya ba. Inda ruwan ya tafi bayan ya wuce ƙofa ba a tambaye ta ba.

Lokacin dashe ya matso. Irin albasar Mas'uda ya fara rawaya daga baki, yana kwanciya. Da tulu take ba shi ruwa daga wani tsohon rami, ita da maƙwabtanta mata in sun sami sarari, amma tulu yana iya riƙe iri, ba ya iya jiƙa garka guda a yi dashe. In lokacin ya wuce, shekarar ta wuce.

Wata yamma ta tako har gindin tanki. Ta sami Muntaka tsugune gaban akwati yana goge shi da hannun riga.

"Shugaba," ta ce. Ya daina gugar, don ba ta kiran sa haka sai da dalili. "Yaushe na lokacina?"

"Yanzu haka naki na, Yaya. Dubi, ga ta nan ta kama. Kore."

"Na gani. Ta fi albasata kore."

"Ai ma'anarta ruwa na tahiya."

"Ina?"

"Wurinki mana."

"Daga can nike, Auta. Ban gamu da shi ga hanya ba."

Ta juya ta dubi garkarsa da ke gefen tanki. An yi kaftu, an ja kowane fangali tsaf, ƙasa ta sha ruwa ta yi baƙi har tana ƙyalli, amma ko tsinke ba a dasa ba. Irinsa yana can bayan gidansa ana ba shi ruwan rijiya, shi kuwa shirin bikin ƙaddamarwa bai bar shi ya yi dashe ba. Kullum da safe ƙwaƙwalwa na shayar da garkar da ba komai a cikinta, cikin cika alkawari. Mas'uda ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta tafi.

A yi wa Muntaka adalci, abin ya tsaya masa a rai. Yana son yayarsa. Ranar kasuwa ya ce wa Nasiruddeen, cikin ƙasa da murya, a ninka wa ƙofar ƙarshe lokaci, kada kowa ya ji. Ya dawo gida zuciyarsa wasai, yana jin ba kowane ƙane ne zai yi haka ba. Daga ranar, ruwan da ke zubewa a burtali ya ninku. Wurin ya zama ɗan tafki, kwaɗi suka tare, shanun gari suka daina wahalar zuwa gulbi.

Darasi: in an kawo maka kuka, ka ƙara wa na'ura aiki. Ko ba ta magance ba, kai dai ka ji sauƙi.

7. Ka kafa kwamiti

In kukan ya yawaita, ka naɗa mutum uku su duba lamarin bayan biki. Ka tabbata duka ukun garkarsu na kusa da tanki, don kada nisa ya hana su zama.

8. Ranar biki, ka kai baƙi inda ya fi laima

Aka kafa rumfa, aka jero kujerun roba daga makarantar firamare. Ikramu ta iso daga Isa da mai ɗaukar hoto. Nasiruddeen ya zo da wasu fararen takalman. Muntaka ya sa babbar rigar da ya gani a cikin fitila tun ranar farko, ya yi jawabi, ya ambaci zamani har ba adadi. Alhaji Hussaini yana baya cikin masu tafi, daidai inda aka hango shi.

Ikramu ta ce tana so ta ga garkar da ruwan ke shiga. Wannan an shirya masa. Muntaka ya ja gaba, jama'a na biye, aka zagaya bayan tanki zuwa garkarsa.

Mata ne a ciki, sun duƙa, zannuwa ɗaure a ƙugu. Kwanduna na gefe cike da irin albasa mai rawayan baki, wanda aka tumɓuko da sassafe daga ƙarshen fadama. Sun riga sun dasa fiye da rabin garkar, layi bayan layi. A tsakiyarsu Mas'uda ce, hannunta dumu-dumu da laka. Ta ɗago ta ce wa baƙi sannunku da zuwa, ta koma ta duƙa.

Muntaka ya buɗe baki. Abin da ya kamata ya fito shi ne, "Yaya, garkata ce." Amma ga liman, ga baƙi, ga rabin gari, ga kuma bayan da ya goya shi a duƙe a gabansa. Ba a yi namijin da zai ce wa wannan bayan ya tashi ya tumɓuke abin da ya dasa ba. Bakin ya rufe da kansa.

"Wannan garkar wa ce?" in ji Ikramu.

"Ta shugaba ta," in ji Alhaji Hussaini da sauri, muryarsa har da zaƙi. "Waccan kuma yayarshi ta. Mijinta ya rasu. Garkarta na can ƙarshe, inda ruwa ba shi kai."

Ikramu ta dafe ƙirji. Ta ce ta zaga ƙungiyoyi da yawa, ba ta taɓa ganin shugaban da ya gano mai rauni a cikin mutanensa ya ba ta ƙofar farko, shi ya koma ta ƙarshe ba. Ta ce wannan shi ne abin da ta yi ta faɗa a Isa, ashe akwai mai saurare. Ta tambayi Mas'uda yadda aka yi.

Mas'uda ta miƙe, ta dafa ƙugu. "Ɗiyata, ni ban san na'ura ba. Na ga dai nan tas sani, ba ta san can ba. Shi kuwa Auta sun saba, yana jin maganarta. Shi ya kamata shi zauna can shi yi mata kwatance."

Aka yi dariya, aka tafa. Malam Usmanu ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a ga masu riƙon zumunci, ya rufe da cewa, "Mun shaida musanyen ga, Allah shi sa albarka." Jama'a suka shafa. Abin da liman ya ce an shaida a gaban gari, babu kwamfutar da ke goge shi.

Mai hoto ya ce shugaba ya nuna garkar da yatsa. Ya nuna. Alkawari na biyu ya cika.

9. Yanzu ka gano buƙatar ƙungiya

Washegari da yamma Muntaka yana tsaye a garkar ƙarshe, kwandunan irinsa a ajiye a inuwa, an yayyafa musu ruwa. Ƙasar ta tsage, in ka taka sai ta yi ƙara. Lokacinsa ya yi. Ya jira. Ya tsuguna ya leƙa hanyar ruwa, ya ga tururuwa na harkarsu a ciki hankali kwance. Ya kira wani da ke kusa da tanki a waya.

"Ta kama?"

"Ta kama, Shugaba. Kore shar."

Ya kashe wayar. Ya dubi irinsa, wanda ya fara sunkuyar da kai. Sannan ya yi abin da duk matakan baya suka kare shi daga yi: ya tattare riga ya bi hanyar ruwan da ƙafa.

Bai yi nisa ba. A burtali gefen hanyar ya zube, faɗin wurin bai fi a tsallake ba. Ruwa na fita ta nan da ƙarfinsa, ninki biyu kamar yadda aka saita, yana gangarawa cikin tafkin kwaɗi. A bakin tafkin shanun huɗa biyu na sha. Ya san su. Nasa ne.

Bayan sallar asuba ya tsayar da mutane a ƙofar masallaci. Ya ce bayan dogon nazari da bin diddigi, shugabanci ya gano babbar matsalar ƙungiya, wato ɓallewar hanyar ruwa a burtali, kuma lamarin ba ya jiran kwamiti. Ya kira gayya a take.

"Ikon Allah," in ji Alhaji Hussaini. "Ƙwaƙwalwar tag gano?"

"Da taimakonta," in ji Muntaka.

Aka fito da fartanyu da buhunan yashi, aka sa 'yan itatuwa inda shanu za su riƙa takawa. Kafin rana ta take an gama. Da yamma ruwa ya iso garkar ƙarshe, Muntaka na tsaye cikin laka har idon sawu, yana yi masa maraba kamar baƙon da ya dawo daga Makka.

Ya bari aka kwana biyu, sannan ya bi ta garkar farko. Albasar Mas'uda ta miƙe, rawayan ya tafi. Tana zaune bakin fangali tana cire ciyawa.

"Yaya, sannu da aiki. An gyara wurin nan."

"Na ji. Allah shi yi ma albarka."

"Ruwa na kai can yanzu, sosai. Shi na nic ce, in an cire albasar bana, ko kowa shi koma wurinai."

Ba ta ɗago ba. "Ruwa na kai, kac ce?"

"Har yana yawa."

"To mi kaka nema nan?"

Ya cire hula, ya leƙa cikinta, ya mayar.

"Zauna can, Auta," ta ce. "Tun da kak koma, ba a taɓa jin daɗin shugabancinka haka ba. In ya sake ɓallewa, kai za ka fara sani."

Da zaɓe ya zo, Alhaji Hussaini ya janye. Ya ji ana cewa a gari yanzu al'ada ce shugaba ya riƙe garkar ƙarshe, ya ce shi dama bai taɓa son mulki ba. Muntaka ya zarce babu hamayya. Ƙwaƙwalwa na nan a akwatinta tana buɗewa tana rufewa, kuma tun da aka daina kai ta kasuwa, ba laifi, tana aikinta.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta taɓa shugabantar komai ba, ba ta da garka, kuma iliminta na ƙwaƙwalwar lantarki a takarda ya tsaya. A yi mata afuwa in ta yi kuskuren suna ko na saiti. Ta yi alkawarin rumfa, hoto da gano matsala, ba ta yi alkawarin za ka tashi da garkar da ka kwana da ita ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa gona, kujera, ƙwan zabi ko bakin magana, kada ya neme ta, kada kuma ya biyo ta wurin mahaifinta. In kana da yaya mace wadda ta goya ka, ba da kai ake ba, ka ajiye wannan takarda ka ɗauki fartanya tun yau. In kuwa ka ƙi, to ka dasa albasarka kafin ka kira baƙi.